Yadda ake amfani da kamfas ɗin waya wajen gano alƙibla da kama hanya ba tare da an ɓace ba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni sana'ata haɗa sola ce a nan cikin Katsina, amma aiki yana kai ni waje sosai, gefen Mashi da Mani har Daura da Mai'adua, kuma duk inda na sauka kafin in taɓa sukundireba waya nake fara cirowa in duba kudu, don fanel a ƙasarmu kudu ake fuskantar da shi. A haka a haka na saba da kamfas ɗin waya har ya zama masu gini suna kirana in duba masu alƙibla, wani lokacin kuma in tsinci kaina tsakiyar gona gero ya fi ni tsawo ban ma san ta ina na aje mashin ba, kamfas ɗin ne yake fiddo ni. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan, kwanakin baya na iske wani yaro a wajen gini ya ɗora wayarshi bisa tarin rodi yana nuna ma magini alƙibla, har an fara buga fegi, da na ce mu matsa taku goma mu sake dubawa sai ga allura ta juya kusan digiri 30. Wayar lafiyarta lau, inda aka aje ta ne matsalar.

Kayan da zaka tanada

Waya mai sensar maganaɗisu a cikinta. Wannan shi ne tushen abin, kuma ba kowace waya ke da ita ba, da yawa daga ƙananan wayoyi masu araha ba a sa masu ba.

Manhajar kamfas, ko wadda ta zo da wayar ko wadda ka sauke. In da hali ka haɗa da Google Maps.

Biro da 'yar takarda. Kar ka raina wannan, lambar da ka karanta da safe ba lallai ka tuna ta da la'asar ba, kuma in caji ya ƙare abin da ke kan takarda yana nan.

Caji isasshe, ko fawa bank in tafiyar da nisa.

Sanda miƙaƙƙiya kamar tsawon kamu biyu, da 'yan duwatsu, da igiya in aikin gini ne. Amfaninsu zai zo a gaba.

Bayanin da kake buƙata kaɗan ne. Duniyar nan kanta kamar ƙaton maganaɗisu take, sensar da ke cikin waya ƙarfin wannan maganaɗisun take ji ta gane ina ne arewa. Shi ke nan aikinta. Ba ta san gidanku ba, ba ta san inda zaka ba, arewa kawai take nunawa sauran lissafin naka ne. Kuma ƙarfin da take saurare ɗin mai rauni ne ƙwarai, shi ya sa ƙaramin ƙarfe ko lasifika da ke kusa da ita yake iya rinjayar na duniya gaba ɗaya. Ba ta cin data, ba ta buƙatar sabis, ko ka sa wayar a yanayin jirgi tana aiki.

An raba da'irar gida 360. Harafin N arewa ne, digiri 0. E gabas, 90. S kudu, 180. W yamma, 270. In ka ga NE to arewa maso gabas ke nan wajen 45, SE kudu maso gabas 135, SW 225, NW 315. Don ka samu abin kamawa a kai: in kana cikin Katsina, Daura tana gabas da kai kusan sak, Kano kudu maso gabas, Dutsinma kudu, Maraɗi arewa maso yamma.

1. Ka fara tabbatar da cewa wayarka tana da kamfas

Mai iPhone ba shi da matsala, tun 2009 ake sa masu, ka nemi manhajar da aka rubuta Compass, in ka goge ta ka sake saukewa kyauta ne. Redmi ma yawanci suna zuwa da tasu cikin jakar kayan aiki. Samsung da yawa tana ɓoye cikin wannan allon gefen da ake jawowa da yatsa, kuma a yawancinsu in ka danna *#0*# a wajen kira zai buɗe shafin gwaji, ka shiga Sensor ka duba ko akwai ta maganaɗisu. Tecno da Infinix da itel ya danganta da samfurin, wata akwai wata babu.

Gwajin da ya fi sauƙi ga kowa shi ne ka buɗe Google Maps ka kalli ɗigon shuɗin nan da ke nuna inda kake. In akwai wani haske da ke fitowa daga jikinshi kamar hasken tocila, kuma ka juya jikinka a tsaye wuri ɗaya ka ga hasken yana bin ka, to akwai sensa. In kana juyawa shi ko gezau, babu. Kuma in babu to babu, ko manhaja ashirin ka sauke ba za su ƙirƙiro ta ba, ka tsallaka ƙasa inda na yi bayanin rana da inuwa.

In sai ka sauke manhaja, ka zaɓi mai sauƙi wadda ke nuna lamba ɓaro-ɓaro. Izinin sanin wuri kaɗai ya kamata ta nema. Wadda ta ce sai ka ba ta lambobin mutanenka ko hotunanka ko saƙonninka, ka cire ta, kamfas ba ruwanshi da waɗannan.

2. Ka raba wayar da ƙarfe da maganaɗisu

Nan ne mutum tara cikin goma da na gani suke faɗawa, don haka zan ɗan tsaya a kai. Da farko rigar wayar. Irin mai murfi da ke rufewa da kanta ƙyat, maganaɗisu ne a ciki, cire ta. Ɗan faifan ƙarfen da ake mannawa a bayan waya don ta kama abin riƙewa na mota, shi ma haka. Fawa bank, ka cire igiyar ka sa shi a aljihun baya kafin ka karanta. Makullai, wata wayar a ɗaya hannun, ƙaramar rediyo, duk ka nisanta su.

Sannan wurin da ka tsaya. Kar ka karanta a cikin mota ko Keke Napep, kar ka ɗora wayar bisa tankin mashin ko bonet, ka sauka ka yi taku goma. Kar ka tsaya gindin taransifoma ko ƙarƙashin manyan wayoyin wuta, ko kusa da janareto, inbata, batir, injin niƙa, ƙofar ƙarfe, tankin ruwa na ƙarfe. A gona ka aje fartanya da adda gefe. Ɗaki mai dekin shi ne ya fi yaudara, don ba ka ganin ƙarfen amma rodi ne shimfiɗe a ƙarƙashin ƙafarka da saman kanka, sai ka aje waya a ƙasa bisa tayil ka ɗauka ka yi daidai alhali ka kwantar da ita ne kan rodi. Ni kaina ba na taɓa ɗaukar kudu a saman kwano, a ƙasa nake ɗauka cikin fili in nemi wata bishiya ko ƙarfen sabis da ya dace da layin, sai in hau in daidaita fanel da ido.

Wasu manhajojin suna nuna wata lamba mai alamar µT a gefe, ƙarfin maganaɗisun da wayar ke ji ke nan. A yankinmu in wuri tsaf yake zaka ga tsakanin 30 da 40. In ka ga 70 ko 100 ko tana tsalle-tsalle, akwai abin da ke jan ta kusa, matsa.

3. Ka saita ta

Ka riƙe wayar da kyau ka zana lamba 8 a iska, babba, sau biyar ko shida, kana murɗa wuyan hannu yadda fuskar wayar za ta kalli sama ta kalli gefe ta kalli ƙasa. Mutane da yawa suna kaɗa ta ne kawai kamar mai fifita, fuskar tana kallon wuri ɗaya, wannan ba ya saita komai, abin da ake so sensar ta ɗanɗana kowace fuska. A Google Maps in ka taɓa ɗigon shuɗin zaka ga inda aka rubuta Calibrate, ka bi abin da ya ce. Alamar ta saitu ita ce hasken tocilar nan ya tsuke ya zama siriri, in ya baje kamar faifai to wayar da kanta tana gaya maka ba ta da tabbas.

Ka yi saitin a fili, ba cikin shago ba. Kuma duk lokacin da wayar ta kwana kusa da lasifika, ko ka yi doguwar tafiya da ita manne a mota, ka sake. Daƙiƙa goma ne.

4. Riƙo da karatu

Ka kwantar da wayar bisa tafin hannunka kamar ka ɗauko kwanon da ya cika da ruwa, daidai ƙirji, kanta yana kallon gabanka. Lambar da ta fito babba ita ce inda kan wayar ya nufa. In kana son juyawa ka juya da ƙafafunka, jikinka gaba ɗaya, kar ka bar jiki a tsaye kana lanƙwasa hannu, don daga ƙarshe kai zaka yi tafiyar ba hannun ba. Ka ba ta daƙiƙa ukku zuwa biyar ta natsu kafin ka yarda da lambar. Yawo na digiri ɗaya ko biyu ba komai ba ne.

Zaka iya ganin zaɓi tsakanin arewar maganaɗisu da arewa ta haƙiƙa, a iPhone yana cikin saitin kamfas an rubuta Use True North. A wasu ƙasashen tazarar da ke tsakaninsu babba ce, amma mu nan Allah ya hutar da mu, bambancin bai kai digiri 2 ba. Ka kunna ta haƙiƙar in akwai, in babu kar ya dame ka.

5. Ka jarraba ta kafin ka ba ta amana

Wannan matakin ba na tsallake shi ko sauri nake. Hanya ta farko, ka nemi wani abu mai nisa kamar ƙarfen sabis ko doguwar giginya, ka nuna shi da kan waya ka riƙe lambar, ka yi taku goma ka nufe shi ka sake karantawa. In lambar ta canza da yawa to ɗaya daga wuraren biyu akwai ƙarfe. Hanya ta biyu, ka ja layi a ƙasa da sanda, ka daidaita gefen wayar da layin ka karanta, ka juya ta kai ya koma ƙafa ka sake karantawa, ya kamata tsakanin lambobin biyu ya zama 180. In ka samu 40 da 220 madalla. In ka samu 40 da 195 ka koma mataki na 3.

Me ya sa nake matsawa a kan wannan, kuskuren digiri 1 kacal yana kauce da mutum wajen mita 17 a duk kilomita ɗaya. Digiri 10 ya zama kusan mita 175 ke nan, kuma cikin dawa ko gero mita 175 ya isa ka wuce mashin ɗinka ba ka gan shi ba.

6. Gano alƙibla

Daga Katsina alƙibla tana kan digiri 70, Daura ma 70 ne. Wato ba gabas sak ba, gabas 90 ce, sai ka karkato hagu wajen arewa da digiri 20. In ka miƙa hannu ka dunƙule shi, faɗin dunƙulen nan kusan digiri 10 ne, to dunƙule biyu ke nan hagu da gabas. Don haka ba ka ma buƙatar manhajar alƙibla ta daban, ka juya a hankali har lambar ta tsaya kan 70, inda kan wayar ya kalla nan zaka fuskanta. Manhajojin alƙibla ma da wannan sensar suke aiki, in ta ruɗe su ma sun ruɗe, kuma in ba su kama inda kake daidai ba sai su ba ka lambar wani garin. Wannan 70 ɗin ta yankinmu ce, in ka yi nisa kamar Legas lambar ta canza.

In don salla ne a ɗakin baƙi ko masauki, ka fita tsakar gida ko waje ka ɗauka, ka lura da yadda layin ya yi da katanga, sai ka shiga ka shimfiɗa darduma a kan haka.

In don gini ne kuwa, masallaci ko ɗaki, ka zo kafin a sauke rodi da kwano a filin. Ka buga fegi na katako, ka tsaya a kanshi ka nemi 70, wani ya tafi gaba da fegi na biyu kamar mita 10 kana ce mashi hagu ko dama har ya shiga layi, a ɗaura igiya. Sai ka koma kan fegi na biyu ka waiwayo na farko, dole ka ga 250. Layin sahu shi kuma yana gicciye ne, 160 ta ɗaya gefen 340 ta ɗayan. Ka maimaita da waya biyu ko ukku mabambanta, in duk sun haɗu tsakanin digiri 2 zuwa 3 to ka samu. Amma gaskiya in masallaci ne ni ba na barin shi a kan waya kaɗai, ina haɗawa da rana, bayanin yana ƙasa.

Wani abu da nake roƙon matasa. Don Allah kar ka shiga tsohon masallacin unguwarku ka aje waya kan kafet, ƙarƙashin fanka, gefen lasifika, bisa rodi, sannan ka fito kana cewa alƙiblar ta karkace. Na taɓa zama da wani dattijo limami a wani ƙauye da hankalinshi ya tashi saboda irin wannan maganar, ya ce min "ɗana, shekara arba'in muna salla a nan, yanzu yara sun ce ba daidai muke ba." Na ce "Baba Malam mu fita waje mu duba." Muka auna katangar daga fili nesa da ginin, sai ga shi tazarar 'yar kaɗan ce, wayar ce ƙarfen ciki ya ja. In ma ka auna da kyau ka ga akwai karkata ta gaske, ka samu liman shi kaɗai cikin ladabi, hukuncin na malamai ne, kuma sun yi bayani cewa wanda ke nesa da Makka fuskantar sashen ake nema gare shi.

7. Tafiya da lamba da dawowa

Sirrin wannan matakin guda ne, ka ɗauki lambar tun kafin ka bar inda ka sani. In ka bari sai ka ɓace sannan ka ciro waya, za ta nuna maka arewa tsaf amma ba za ta gaya maka ta ina ka shigo ba.

Misali ka aje mashin bakin titi zaka shiga duba wata gona. Ka yi taku goma daga mashin ɗin, ka fuskanci inda zaka, ka karanta, a ce ka ga 200. Rubuta. Lambar dawowa ita ce ka cire 180 in lambar ta wuce 180, ka ƙara 180 in ba ta kai ba. To 200 ta zama 20. Da 40 ce sai ta zama 220. Ka rubuta duka biyun tun yanzu da kanka yake a natse.

Kar ka yi tafiya ido na kan waya, zaka yi tuntuɓe da kunyar gona ko ka taka abin da ba ka so, kuma hannu yana karkata ba ka sani ba. Ka duba layin lambar ka zaɓi abu ɗaya da ke kai, kuka ko gawo ko tsamiya ko wani rumbu, ka sa waya aljihu ka tafi wajenshi, in ka isa ka zagaya bayanshi ka sake cirowa ka zaɓi na gaba. Wannan yana kuma tsimin caji. A iPhone in ka taɓa tsakiyar da'irar tana kulle lambar, da ka kauce sai jan layi ya fito ya nuna maka yawan kaucewar.

Ka riƙa ƙirga taku. Ka je filin ƙwallo wata rana ka ƙirga taku nawa kake yi daga raga zuwa raga, cikakken fili wajen mita 100 ne da 'yan kai, ni nawa 130 ne, naka zai bambanta. Duk taku ɗari ka jefa tsakuwa ɗaya a aljihu. In hanya ta lanƙwasa, a kowace kwana ka tsaya ka rubuta sabuwar lamba da takun da ka yi, wajen dawowa sai ka karanta takardar daga ƙasa zuwa sama kana juya kowace lamba.

In ka ci karo da kududdufi ko shinge ko gonar da ba a ratsawa, in kana hango wani abu a ƙetare da ke kan layinka to ka zagaya kawai ka same shi. In ba ka hango komai, ka juya dama digiri 90 ka ƙirga taku, a ce 40, ka koma lambarka ta asali har ka wuce abin, sai ka juya hagu 90 ka yi 40 ɗin nan, ka dawo kan layi.

Ga wata dabara da ta fi duk lissafin nan amfani. Ka san wani dogon abu da ba zaka iya wuce shi ba ka gani ba, titi ko rafi ko layin turakun wuta ko burtali. Titin Katsina zuwa Daura duk da kwanoninshi daga yamma zuwa gabas ya miƙe, to in ka shiga kudu da shi ko ka rikice gaba ɗaya ka kama arewa kawai zaka fito kwalta. Kuma wajen dawowa ka kauce da gangan, maimakon 20 ka bi 30, don in ka fito titi ka san tabbas mashin ɗinka yana hagunka. In ka nufe shi sak ka fito ba ka gan shi ba, ba ka san hagu zaka bi ko dama ba, na taɓa yin kusan rabin awa ina bin gefen da ba shi ba ga magariba ta kawo kai, tun ranar nake kaucewa da gangan.

Kamfas hanya yake nunawa, bai san halin da hanyar take ciki ba. Da yanayin tsaron da muke ciki a wasu sassan jihar nan, kar ka yanki daji don kana da waya, ka tambayi mutanen gari, ka gaya ma na gida inda zaka da lokacin dawowa.

8. Haɗa shi da taswira

Tun kana gida da data ka shiga Google Maps, ka taɓa hotonka a sama, ka shiga Offline maps ka sauke yankin da zaka. GPS, wato abin da ke gano inda kake ta tauraron ɗan adam, ba ya buƙatar sabis, taswirar ce ke buƙata, in ka sauke ta ɗigon zai ci gaba da nuna ka ko sabis ya ɗauke. In ka isa inda ka aje abin hawa ka danna wurin ka riƙe har jar alama ta fito ka adana. Taswira a yadda take samanta arewa ne, in ka taɓa maɓallin wurinka sau biyu sai ta juya tana bin fuskarka, wannan ya fi sauƙi ga mai koyo. Lambobin nan biyu da ke fitowa in ka dasa alama, Katsina wajen 12.99 da 7.60, Daura wajen 13.03 da 8.32, su ne adireshin inda kake tsaye, in data ta ƙi zaka iya tura su ta tes ko ka karanto ma wani a kira ya same ka.

In wayar ba ta da sensa amma tana da GPS, ka yi tafiya miƙe kamar mita 30 kana kallon inda ɗigon ya matsa a taswira, wannan ya gaya maka fuskar da ka nufa. A tsaye ne kawai ba ya aiki.

In babu kamfas ko caji ya ƙare

Rana ce ta farko, amma a yi hattara da cewar da ake yi rana daga gabas take fitowa, sau biyu ne kawai a shekara take fitowa kan 90 daidai, wajen 21 ga Maris da 23 ga Satumba. A Katsina ƙarshen watan Yuni tana fitowa ne wajen digiri 66, kusan kan alƙibla, amma ƙarshen Disamba lokacin sanyi tana fitowa wajen 114, wanda ya bi ta a lokacin ya bar alƙibla da fiye da digiri 40 a hagunshi. Haka inuwar tsakar rana, yawancin shekara arewa take faɗawa, amma daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana tana bi ta arewa da mu sai inuwar ta koma kudu.

Dabarar sanda ita ba ruwanta da watan da ake ciki. Ka kafa sanda a tsaye a wuri mai baje, ka aje dutse a ƙarshen inuwarta, ka jira minti 15 zuwa 20, ka aje wani a sabon ƙarshen. Dutsen farko yamma, na biyu gabas. Ka sa ƙafar hagu kan na farko ta dama kan na biyu, gabanka arewa ne. Ta fi daidai kusa da tsakar rana, da sassafe ko yamma liƙis tana ɗan kaucewa.

Da dare akwai tauraron arewa da ba ya motsi, sai dai a wajenmu ƙasa-ƙasa yake, digiri 13 kawai daga doron ƙasa, dunƙule ɗaya da ɗan ƙari, bishiya ma tana tare shi, in hazon hunturu ya sauka kuwa ba a ganinshi sam. Lokacin hazo in rana ta ɓace ka lura da iskar, daga arewa maso gabas take busowa, ba ma'auni ba ce amma tana hana mutum juya baya gaba ɗaya.

Ta alƙibla kuma wadda na ce ina haɗawa da ita, sau biyu a shekara rana tana tsayawa daidai saman Ka'aba, 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 10:18 na safe agogon Najeriya, sai 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 10:27 na safe. A wannan mintin duk wanda ya fuskanci rana ya fuskanci alƙibla. Ka ɗaura dutse a igiya ka rataye shi a wani reshe ko katako ya natsu, don igiya mai nauyi ta fi sanda tsayuwa daidai, ka tabbata agogon wayarka yana kan saitin kamfanin layi, da lokacin ya cika ka ja layi bisa inuwar igiyar ka buga fegi biyu. Ɓangaren layin da ke wajen rana shi ne alƙibla. Ta Yuli damina ta kankama hadari yana iya rufewa, ta Mayu ta fi samuwa, kuma in ka rasa ranar, kwana ɗaya kafin ko bayan a daidai wannan lokacin bambancin ba wani abu ba ne. In ka ja layin ka bar fegin a wurin, ka ɗora wayarka a kai ka ga ko za ta ce 70, daga nan ka san nawa take kaucewa ka riƙa cirewa ko ƙarawa.